Kurfai: Fari Ba Baƙo Ba Ne, Hanyoyin Tsira Ne Ke Toshewa

Manomin Kurfai ba sai an karanta masa rahoto ba kafin ya san sama ta sauya hali. Damina takan makara, a yi shuka ta ƙone, a sake wata, sannan a watan Agusta ruwan mako uku ya zubo dare ɗaya, ya kwashe ƙasar tudu, ya rushe gidajen laka. A nan ƙasar Filinge, inda ruwan shekara ba kasafai yake kai milimita 500 ba, mako biyu babu ruwa lokacin da gero ke fidda kai ya isa ya bar rumbu wayam.

Kurfayawa sun sha ganin irin wannan. Yunwar 1973 na cikin dalilan da Seyni Kunce, ɗan Fandu ta nan ƙasar Filinge, ya kafa hujja da su ranar da ya karɓi mulkin Nijar, 15 ga Afrilun 1974. Da farin 1984 ya zo, gwamnatinsa ta matsa wa talakawa su rungumi noman rani, kuma a nan Dallol Bosso ya yi rana, domin a kwarin ruwa na kusa, rijiya ba ta zurfi. Dankalin turawan Bonkuku da ke cika kasuwannin Yamai shaida ne. A kan tudu kuwa ana haƙa ramukan tassa, a zuba taki, a bar gawo ya girma a gona. A Tukunus ana renon shanun Azawak, masu jure ƙishi da ba da nono. Sauran giɓin ci-rani ke cike shi: samari su nufi Yamai, Najeriya ko Abijan, su aiko da na hatsi.

Sai dai duk dabarun nan suna bukatar fili da hanya. Ƙidayar 1977 ta samu 'yan Nijar kimanin miliyan 5. Ta 2012 ta samu sama da miliyan 17. Gona ba ta hutawa kuma, an nome burtali, makiyayi da manomi suna kallon juna a bakin rijiya ɗaya. Kwarin Dallol ma, kowa ya sani, ba kowa ke da gado a cikinsa ba.

Sannan ga rashin tsaro. A 2017 aka sanya arewacin Tillaberi cikin dokar ta-ɓaci, a Janairun 2020 aka hana hawa babur. Makiyayar arewa, wajen Abala da iyakar Mali, wadda dabbobi ke fakewa a cikinta da damina, ta zama wurin da ake shiga da fargaba, garkunan suka dawo suka cushe a kudu.

A ganina, ƙarancin ruwan sama kaɗai ba zai tashi Kurfai ba. Abin da mutanenta ba za su iya ɗauka ba shi ne fari ya same su kasuwa a rufe, burtali a toshe. Hukumomi su fara buɗe waɗannan kafin rabon iri.