Dillalin Mahaɗi, Mai Cinikin Shaida

Dillalin mahaɗi ba shi da rumfa, ba shi da kaya a sito. Jarinsa kwamfuta ce da dogon jerin sunayen masu shafukan intanet waɗanda ya san hannunsu na karɓa. Hajarsa kuwa ɗan rubutun nan ne mai launin shuɗi da ake latsawa a tsallaka zuwa wani shafin, wanda 'yan harkar ke kira linki.

Google ne ya haifi sana'ar ba da niyya ba. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa kamfanin a 1998, dabararsu ta PageRank ta ɗauki kowane mahaɗi daga wani shafi zuwa naka a matsayin shaida cewa kana da abin faɗi. Shaidar babbar jarida ko jami'a ta fi ta ƙaramin shafi nauyi, kamar yadda maganar limamin unguwa ta fi ta baƙon da ya sauka jiya. Wanda ya tara shaidu masu nauyi shi ke hawa saman sakamakon bincike, can inda masu saye suke. To, mu da muka ga yadda ake cinikin ƙuri'a ranar zaɓe ba ma bukatar a faɗa mana abin da ya biyo baya.

Mai kantin takalma, ko kamfanin inshora, ko gidan caca zai zo wa dillali yana son shafin farko na sakamakon bincike. Dillali ya baza saƙonni ga masu shafuka, a yi ta tayi da albarka. Farashi yakan bi makin daraja da kamfanoni irin su Moz da Ahrefs ke ba shafuka, makin da ba ma Google ne ke bayarwa ba. In an daidaita, sai a rubuta wata maƙala mai kama da ta gaske, a cusa mahaɗin a tsakiyarta, a ɗora shi kan ainihin kalmar da mutane ke nema. La'adar dillali ita ce ratar da ke tsakanin abin da ya karɓa da abin da ya biya. Waɗanda suka ƙosa da ciniki sukan sayi adiresoshin tsofaffin shafuka da wa'adinsu ya ƙare, su farfaɗo da su, su tara garke guda da ke yabon duk wanda ya biya.

Google bai hana talla ba. Tun 2005 akwai alamar da ake maƙala wa mahaɗi don a gaya wa injin bincike kada ya ƙirga shi a shaida, a 2019 kuma aka ƙaro wata musamman ta mahaɗin da aka biya. Sai dai mai saye ba talla ya zo nema ba, shaida yake so. Don haka gwanintar dillali duka a ɓoye sawu take.

Sawun kuwa yakan fito. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda kantin J.C. Penney na Amurka ya mamaye matsayi na ɗaya a binciken riguna, kayan gado da darduma, ta hanyar mahaɗai da aka shuka a shafukan da ba ruwansu da waɗannan kaya. Kantin ya ce bai san da zancen ba, ya sallami kamfanin da ke masa aikin. Duk da haka, a binciken kujerun falo ya faɗo daga na 1 zuwa na 68. A 2013 Interflora, mai sayar da furanni a Birtaniya, ya ɓace daga sakamako na kwanaki, har wanda ya rubuta sunansa bai gan shi ba. Abin dariya, a 2012 Google ya hukunta shafinsa na Chrome na kwana 60 saboda wani tallan biya da aka yi masa.

A Afrilun 2012 Google ya saki tsarin Penguin mai hukunta shafukan da suka tara mahaɗan banza, shafuka da yawa suka wayi gari a ƙasa. Nan wasu masu shafuka suka gano sabuwar kafa: wanda ya biya aka sa masa mahaɗi, yanzu sai ya sake biya a cire. Kuɗin shiga daban, na fita daban.

Abin da ya fi sauya sana'ar, a ganina, shiru ne. Daga 2016 Penguin ya koma rage wa mahaɗin banza daraja maimakon dukan shafin baki ɗaya, a Disambar 2022 kuma Google ya ce tsarinsa na SpamBrain yana gano mahaɗan saye ya mayar da su kamar babu. Ba sanarwa, ba tara. Mahaɗin na nan shuɗi a inda aka sa shi, dillali ya turo hotonsa, an biya shi. Ko ya ɗaga shafin ko bai ɗaga ba, shi kansa dillalin ba zai iya rantsuwa ba. Wani lokaci yakan yi aiki, abin da ke riƙe da kasuwar ke nan.

Kai mai shafi, in irin wannan tayin ya shigo maka, ce wa dillalin ka yarda, amma da sharaɗin za ka sa alamar talla a kan mahaɗin. Da wuya ya sake waiwayarka.