PowerPoint na rufe kansa ana tsakar gabatar da aiki: Yadda ake gano mai laifi kafin a kai ga fomatin

Minti goma zuwa sha biyar ake bai wa ɗalibi ya kare aikin binciken da ya shafe watanni yana haɗawa. Idan manhajar PowerPoint ta daskare a shafi na uku, allo ya yi fari fat, sannan wani ɗan akwati ya faɗo da rubutun "Microsoft PowerPoint has stopped working", to rabin lokacin ya tafi ke nan, malamai kuma suna zaune suna duba agogo.

Talata Mafara gari ne na ɗalibai. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ga Jami'ar Jihar Zamfara da aka kafa a 2018, a Bakura kuma ga Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi. Ban da ɗalibai, akwai malaman gona masu horar da manoman rani a yankin madatsar Bakolori, da ma'aikatan lafiya da na ƙananan hukumomi daga Maradun da Bakura waɗanda ake nema su gabatar da rahoto a taron bita. Duk waɗannan majigi ɗaya suke haskawa, kuma saƙo iri ɗaya ne ke tsinka musu ciki.

Abin haushin shi ne saƙon ba ya faɗin dalili. Ya ce manhaja ta tsaya, bai ce me ya tsayar da ita ba. Shi ya sa da zarar an kai kwamfutar wurin mai gyara, maganin farko da ake ji shi ne "a yi mata fomatin". A ganina wannan shi ne ya kamata ya zo a ƙarshe, domin sau da yawa ana share komai, a biya kuɗi, a dawo a buɗe fayil ɗin nan dai, ya sake kifar da manhajar.

Fayil ne, manhaja ce, ko kwamfuta?

Waɗannan ukun su ne waɗanda ake zargi, kuma gwaji biyu kacal ke raba su.

Da farko a buɗe PowerPoint shi kaɗai, a fara sabon aiki, a yi rubutu a shafi biyu, a danna F5 ya haska. Idan ya yi lafiya lau, sai a ɗauki fayil ɗin da ke ba da matsala a gwada shi a kwamfutar aboki. In can ma ya rufe, fayil ɗin ne ba shi da lafiya, kwamfutarka ba ta yi laifin komai ba. In kuwa can ya buɗe ƙalau, ko kuma a taka ko sabon aiki ba ya tsira, to matsalar tana cikin manhajarka ko na'urarka.

Wannan bai kai minti biyar ba, amma shi ke nuna hanyar da za a bi.

Inda Windows ke ajiye gaskiyar magana

Duk lokacin da wata manhaja ta faɗi, Windows na rubuta rahoto ya ajiye. Mutane kaɗan ne ke leƙa wurin.

A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta perfmon /rel, a danna Enter. Wani jadawali zai fito mai nuna kwanaki, da jan da'ira a duk ranar da wani abu ya faɗi. A danna ranar, a nemi PowerPoint, a buɗe cikakken bayaninsa. Wanda ya fi son tsohuwar hanya zai iya rubuta eventvwr, ya shiga Windows Logs, sannan Application, ya nemi kuskure mai lamba 1000.

Layi ɗaya ake nema a ciki, wato sunan ɓangaren da ya faɗi, wanda aka rubuta a gaban "Faulting module name" ko "Fault Module Name". Idan sunan ya fara da igd, direban hoto ne na Intel, wato 'yar manhajar da ke haɗa Windows da allon kwamfuta. Idan ya fara da nv, na Nvidia ne. Ati kuma na AMD. Idan ya fara da mso, cikin Office ɗin kansa ne. Wani lokaci ma sunan wata manhaja daban za a gani ƙuru-ƙuru, ta PDF ko ta kashe birus, wadda ta liƙa kanta a jikin PowerPoint.

Sunaye biyu ne ke yaudarar mutane: ntdll.dll da KERNELBASE.dll. Waɗannan na Windows ne, kuma yawanci wurin da abin ya ƙare suke nunawa, ba inda ya samo asali ba. Kada a je intanet a sauko da "sabon" fayil mai wannan suna a dasa. Shafukan da ke raba irinsu sun yi ƙaurin suna wajen cusa birus. Ita ma lambar 0xc0000005 da ke yawan fitowa ba abin firgita ba ce. Ma'anarta manhajar ta taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba a ba ta izini ba, sai Windows ya dakatar da ita.

Idan manhajar ce

A riƙe maɓallin Ctrl a danna alamar PowerPoint. Zai tambaya ko a buɗe shi a Safe Mode, a amsa da Yes. A wannan yanayi yana tashi ne ba tare da ƙananan manhajojin da suka raɓe shi ba. Idan ya zauna lafiya a haka, an kusa kama ɓarawo: a shiga File, Options, Add-ins, a zaɓi COM Add-ins a ƙasa, a danna Go, a cire alamar da ke gaban kowanne. Daga nan a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har wanda ke kifar da shi ya bayyana.

Idan kuma sai an jona majigi ko an danna F5 yake faɗuwa, direban hoto ne babban abin zargi. A File, Options, Advanced, ƙarƙashin Display, akwai akwatin "Disable Slide Show hardware graphics acceleration". A sa masa alama, a rufe a sake buɗewa. Wannan dabarar ta ceci tsofaffin kwamfutocin HP da Dell 'yan gwanjo da dama, irin waɗanda aka ɗora wa sabon Windows alhali direbansu na shekarun baya ne.

Akwai wani mai laifin da ba a cika tunawa da shi ba: firinta. Manhajojin Office na tuntuɓar firintar da aka saita a matsayin ta farko. Kwamfutar da aka taɓa jonawa da firintar shagon buga takardu tana iya ci gaba da neman wannan firintar bayan an dawo gida, ta yi ta jira har ta daskare. A mayar da ta farkon zuwa Microsoft Print to PDF, a sake gwadawa.

Sai bayan duk wannan ne ake gyara Office ɗin: Control Panel, Programs and Features, a zaɓi Microsoft Office, a danna Change. A sababbin nau'o'i za a ga zaɓi biyu. Quick Repair ba ya buƙatar intanet. Online Repair yana sake sauko da manhajar gaba ɗaya, don haka kada a taɓa shi da datar da aka saya don WhatsApp.

Akwai wata magana da dole a faɗa. Office ɗin da ake ɗorawa a shagunan gyara ba kowanne ke da lasisi ba; wata 'yar manhajar fasa ƙwauri ce ke buɗe shi. Ranar da Windows Defender ya gano ta ya killace ta, ko sabuntawa ta ƙi shiga, sai abubuwa su fara rikicewa. Masu lasisin ma zamani ya wuce wasunsu: Microsoft ya daina kula da Office 2007 a 2017, Office 2010 a 2020, Office 2013 a Afrilun 2023, sannan Office 2016 da 2019 da Windows 10 duk a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Suna ci gaba da aiki, amma kada a zauna jiran gyara daga kamfani.

Idan fayil ɗin ne

A nan ne yanayinmu ya fi shigowa. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a Zamfara, kuma kowa ya san yadda take zuwa ta koma. Kwamfutar da batirinta ya mutu, tana jone da janareta, mai ya ƙare ana tsakar ajiye aiki: fayil ɗin ya tsaya rabi da rabi. Haka in aka zare filashi kafin ya gama rubutu. Washegari sai a ga "PowerPoint found a problem with content".

Kafin a taɓa komai, a kwafi fayil ɗin zuwa cikin kwamfuta a yi gwajin a kan kwafin. A bar na asali yadda yake.

Idan ta imel ko WhatsApp aka turo shi, a danna shi da maɓallin dama, a shiga Properties, in an ga Unblock a ƙasa a sa masa alama. Wani lokaci Windows ne kawai ya ɗauke shi baƙo ya tsare shi. In bai buɗe ba, a bi ta File, Open, Browse, a zaɓi fayil ɗin, a danna 'yar kibiyar da ke gefen Open, a zaɓi Open and Repair.

In wannan ma ya gagara, a buɗe sabon aiki, a shiga New Slide, a zaɓi Reuse Slides, a nuna masa fayil ɗin, a riƙa jawo shafukan ɗai-ɗai. Galibi shafi ɗaya ne ruɓaɓɓe, mai bidiyo ko jadawalin da aka manno daga Excel. Shi kaɗai za a sake ginawa. Haka nan WPS Office na waya ko LibreOffice Impress, wanda kyauta ne, kan buɗe fayil ɗin da PowerPoint ya ƙi, domin ba su kai shi tsanani ba.

Ga wani sirri da ke burge ni. Tun daga Office 2007, fayil mai ƙarewa da .pptx buhu ne kawai na zip. A sauya ƙarshen sunan kwafin zuwa .zip, a buɗe, a shiga ppt sannan media: duk hotuna da bidiyon da aka sa suna nan a jere. Ko shafukan sun lalace, ɗalibin da ya je har gonakin Bakolori ya ɗauko hotunan shinkafa ba zai sake biyan kuɗin mota ba.

Hotunan su ma suna da nasu laifin. Wayoyin Tecno da Infinix na yanzu suna ɗaukar hoto mai megapiksel 50. A zuba arba'in irinsu a fayil ɗaya, a ba kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait 4 ta ɗauka, ai dole ta durƙusa. A danna hoto ɗaya, a shiga Picture Format, Compress Pictures, a cire alamar "Apply only to this picture", a zaɓi 150 ppi. A bangon aji babu wanda zai ga bambanci. Bidiyo kuwa, Microsoft da kansa MP4 mai tsarin H.264 yake ba da shawara.

Masu rubutu da Hausa su lura da haruffan ƙ, ɗ da ɓ. Tsofaffin salon rubutu na musamman da aka riƙa amfani da su don lanƙwasa waɗannan haruffa ba sa cikin kowace kwamfuta, sai rubutu ya koma akwatuna a ɗakin taro. Arial da Times New Roman na sababbin Windows suna da haruffan. A sauya ta Home, Replace, Replace Fonts.

Filashin ma a bincike shi. Akwai na jabu da ke nuna gigabait 32 ko 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Da ya cika sai sabon fayil ya hau kan tsoho, ko ya ɓace. Manhajar H2testw ta kyauta tana tona asirinsa.

Idan kwamfutar ce

Alamar ita ce ba PowerPoint kaɗai ke faɗuwa ba, ko kuma na'urar ta mutu ɗungurungum bayan minti ashirin. Daga Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki kan haura digiri 40, bayan ƙurar hunturu ta riga ta toshe fankar ciki. Kwamfutar da aka ɗora a kan katifa ko darduma ba ta samun iska, sai ta rage gudu ko ta kashe kanta. Wannan aikin mai gyara ne, ya buɗe ya hure ƙura ya duba fanka, kuma babu ruwansa da fomatin.

Kafin ranar

Masu ba da shawara a intanet kan ce a ajiye komai a Google Slides ko OneDrive. Shawara ce mai kyau ga wanda layinsa ba ya yankewa. A Zamfara ba a manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da Hukumar Sadarwa ta NCC ta umarci a rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka ɗauki watanni kafin su dawo a garuruwan da ke wajen Gusau. Abin da ke hannu shi ne abin dogaro.

Don haka a yi aikin a cikin kwamfuta, sai an gama a kwafa zuwa filashi, a kuma tura kwafi cikin waya. A File, Options, Save, a rage lokacin AutoRecover daga minti 10 zuwa 3. Idan wuta ta ɗauke kafin a ajiye, a duba File, Info, Manage Presentation, Recover Unsaved Presentations.

Sannan a fitar da kwafin PDF ta File, Save As. Motsin shafuka da bidiyo ba za su bi shi ba, amma rubutu da jadawali da haruffan Hausa za su fito yadda aka tsara su a kowace kwamfuta. A Adobe Reader, Ctrl da L ke cika allo da shi, kibiyoyi kuma su juya shafi. In da hali a shiga ɗakin da minti talatin kafin lokaci, a jona majigin, a danna Windows da P a zaɓi Duplicate, a bi shafukan tun daga na farko har na ƙarshe a kan na'urar da za a yi amfani da ita.