Tafa: Kafson 'ya'yan itatuwa a yankin da mangwaro ke zube a bakin titi

Matafiyin da ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna ta Sabon Wuse, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Tafa a Jihar Neja, ba zai rasa ganin tulin lemo, kankana da ayaba a bakin titi ba, kuma babbar kasuwar 'ya'yan itatuwa ta Zuba ba ta da nisa. Duk da haka, kafso da garin da ake cewa an tatso su daga 'ya'yan itatuwa da ganyaye na ƙara samun masu saye a shagunan magani da hannun 'yan talla.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da kayan lambu a kowace rana. Abinci take nufi, ba kafso ba. Idan aka tatse sinadari guda, galibi a baya ake barin harzar da ke taimaka wa hanji aiki, wadda kuma ke rage saurin shigar sukari cikin jini.

An taɓa gwada wannan dabara. Da masana suka lura cewa masu yawan cin karas da ganyaye ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba, sai aka bai wa wani ɓangare na maza mashaya taba sama da 29,000 a ƙasar Finland ƙwayar beta-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa. Sakamakon da ya fito a 1994 ya girgiza masu binciken: cutar ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka sha. A 1996 aka dakatar da makamancin gwajin a Amurka kafin wa'adinsa, saboda wannan dalili. Haka kuma a 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa yawan shan tataccen koren shayi na iya taɓa hanta.

Mutane da dama na ɗaukar lambar NAFDAC a matsayin shaidar waraka. Ba haka abin yake ba. Lambar da ta ƙare da harafin L a jikin kayan tsirrai na nuna an duba ko suna da illa ne kawai, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin maganin ba. Rubutun na Turanci ne, kuma ƙanana ne haruffan.

Babban haɗarin yana kan mai hawan jini ko ciwon sukari da zai ajiye maganin asibiti ya koma wa kafson zogale, ya riƙa biyan dubban nairori kan ganyen da wataƙila yana nan a bayan gidansa. Hawan jini ba ya yin sallama, sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce alamar farko da iyali ke gani.