Kaciyar Jarirai A Ingila Da Amurka: Aljihun Uba Ko Baitulmali?

A ƙasarmu ba a saba kai maganar kuɗin kaciya gaban majalisa ba. In hunturu ya shigo, uba ya kan kira wanzamin gidansu, a tara yaran da suka isa, a yi musu, a sallami wanzami da abin da ya sawwaƙa, ko kuɗi, ko hatsi, ko kaza. Ko yanzu da mutane da yawa suka koma yi wa yaro tun yana jariri, waɗansu ma a asibiti, kowa ya san nauyin a wuyan uba ya ke. Saboda haka mai karatu zai yi mamaki in ya ji akwai ƙasashen da aka yi shekara fiye da 70 ana ta gardama a kan wannan ɗan aiki da ba ya cin rabin sa'a, likitoci da 'yan majalisa da masu riƙon kuɗi kowa da bakinsa. Abin da su ke ja a kai shi ne, in an haifi yaro a asibiti, kuma Gwamnati ce ta biya kuɗin haihuwar daga asusun lafiya na jama'a, shin kaciyarsa tana cikin abin da za ta biya, ko kuwa iyaye za su nemo?

Shi wannan asusu, wanda a ke kira inshorar lafiya, kamar adashi ya ke, sai dai mai kwasa shi ne wanda ciwo ya kama. Ku da ku ke aikin ofis kun fi kowa sanin cewa abin da ba a rubuta masa layi cikin kasafin kuɗi ba, ba Ma'ajin da zai fitar da kwabo dominsa, kome kyansa. To, layin kaciya a ke sokewa a mayar, a mayar a soke.

Yadda Ingila ta ɗauke hannu

Mutanen Ingila ba don addini suka kama kaciya ba. Likitocinsu ne na ƙarni na 19 suka yi ta yabonta, suna cewa tana tsare yaro daga cututtuka iri iri, waɗansu gaskiya, waɗansu zato. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu wajen yaro ɗaya cikin uku a ke yi wa, kuma abin ya fi yawa a gidajen masu hali, domin su ne ke iya biyan likita.

Ran 5 ga Yuli, 1948, aka buɗe hukumar lafiya ta ƙasa da a ke kira NHS, a hannun Minista Aneurin Bevan, watau kowa ya ga likita kyauta, Gwamnati ta biya daga haraji. Da kuɗi suka koma fitowa daga aljihu guda, sai aka fara tambayar kowane aiki amfaninsa. A watan Disamba na 1949 wani likitan yara na garin Cambridge, Douglas Gairdner, ya buga wani bayani cikin mujallar likitocin ƙasar. Ya nuna cewa loɓar jariri da ma a manne ta ke sa'ad da aka haife shi, kuma da kanta ta ke sakuwa, har yara 9 cikin 10 tasu ta saku kafin su wuce shekara 3. Ashe abin da likitoci suka daɗe suna ɗauka cuta ce, halitta ce. Sa'an nan ya duba littafin mace-mace, ya tarar daga 1942 zuwa 1947 wajen yara 16 ke mutuwa kowace shekara a Ingila da Wales ta dalilin kaciya, da yawansu maganin sa barci ne ya tafi da su.

Ba a kafa doka ba, ba a hana kowa ba. Asibitocin Gwamnati ne kawai suka daina yi sai in akwai ciwo, al'adar kuwa, da ma ta fara sanyi, ta bi ruwa. Wani bincike da aka yi a shekarar 2000 ya sami cewa cikin mazan ƙasar masu shekara 16 zuwa 44, wajen 16 cikin ɗari ne ke da kaciya.

Amurka: jiha jiha, kowa da hukuncinsa

Amurka ta bi wata hanya dabam. Bayan yaƙi haihuwa ta koma asibiti kusan duka, kamfanonin inshora kuma suna biyan kaciya ba tambaya, har ta zama abin da a ke yi wa yaro kafin uwarsa ta koma gida. A 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, aka kafa Medicaid, asusun lafiya na marasa ƙarfi. Gwamnatin tarayya tana zuba aƙalla rabin kuɗin, jihohi su cika, kuma an bar wa kowace jiha ikon zaɓen waɗansu ayyukan da za ta biya. Kada a ɗauka wannan ƙaramin asusu ne: wajen haihuwa 4 cikin 10 a Amurka shi ke biyansu.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi ta sāke magana. A 1971 ta ce ba wani dalilin lafiya da ya wajabta a yi wa jariri kaciya. A 1999 ta ce akwai amfani, amma bai kai a ce kowa ya yi ba. Masu tsara kasafi kuwa kunnensu a buɗe ya ke ga irin wannan magana. Kalifoniya ce ta fara soke layin a 1982, Dakota ta Arewa ta bi a 1986, Fulorida a 2003. Zuwa 2011, da Kolorado ta shiga sahu, jihohi 18 ke nan suka daina biya. Abin da Kolorado ta ƙiyasta za ta tsimi a shekara bai kai dala 200,000 ba, cikin asusun da ke kashe dubban miliyoyi.

Sai mu duba abin da ya biyo baya, domin a nan ne maganar ta ke da nama. Malaman Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles sun buga lissafi a 2009, suka ce in aka gwada jihohin da Medicaid ke biya da waɗanda ba ya biya, bambancin yawan kaciya ya kai yara 24 cikin kowane ɗari. Wani binciken na 2020 ya bi jihohi biyu kafin sokewa da bayanta. A Fulorida adadin ya sauko daga wajen 47 cikin ɗari zuwa ƙasa da 38, a Kolorado daga 62 zuwa 52, kuma jariran baƙaƙen fata abin ya fi taɓawa. Mai inshorar kamfani bai ma san an yi wani canji ba. Mai kuɗi a hannu ya biya, ya ɗauki ɗansa. Wanda hukuncin ya hau kansa shi ne wanda aka ce ya kawo dala ɗari biyu ko uku nan take, ga mai jego a kwance, ga kuɗin haya yana jira.

Kuma ba duka iyayen ne suka haƙura ba. Likitocin Jami'ar Fulorida sun duba shekarun 2003 zuwa 2008, suka tarar kaciyar yaran da suka wuce jarirantaka, wadda asusun ke biya in likita ya rubuta cewa akwai ciwo, ta ninka fiye da sau biyu. Ita kuwa wannan sai an shiga ɗakin fiɗa, an sa yaro barci, lissafin asibiti ya kan haura dala 6,000, alhali ta jariri ba ta kai 1,000 ba. Haɗarin ma ba ɗaya ba ne. Ma'aikatan hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka sun nuna a 2014 cewa cikin jarirai, waɗanda ke samun matsala ba su kai 1 cikin 200 ba, amma ga yaran da suka girma abin ya kan ninka sau 10 zuwa 20. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Wannan ya tuna mini wata shekara da na zauna wurin tsara kasafin makarantu, aka soke kuɗin gyaran rufin wani aji don lissafi ya daidaita, ni ma na sa hannu. Damina ta zo, bango ya sha ruwa ya zube, shekara ta gaba muka gina aji sabo. A takarda kuwa shekarar farko ta fito da kyau ƙwarai, har aka yaba mana.

Shin magani ce ko al'ada?

Kada mai karatu ya ce na danne wa ɗaya ɓangaren magana. Masu goyon bayan biya suna da hujjoji uku ko huɗu. Ciwon mafitsara ya kan kama wajen jariri 1 cikin 100 marasa kaciya a shekararsu ta fari, kaciya kuwa tana rage shi ƙwarai. Babbar hujjar daga Afirka ta fito. An yi gwaji a Orange Farm ta Afirka ta Kudu, aka bayyana sakamakon a 2005, sa'an nan a Kisumu ta Kenya da Rakai ta Uganda, aka tarar kaciya tana rage wa namiji haɗarin ɗaukar ƙanjamau daga mace da kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen da cutar ta yi yawa su sa kaciya cikin makamansu. Bisa ga waɗannan ne ƙungiyar likitocin yaran Amurka ta sāke magana a 2012, ta ce amfanin ya rinjayi haɗarin, ba ta ce kowa ya yi ba, amma iyayen da suka zaɓa ya kamata inshora ta biya musu. A shekarar nan kuma malaman Jami'ar Johns Hopkins suka ƙiyasta cewa kowace kaciya da aka fasa za ta ja wa ƙasar ƙarin dala 313 na jinya nan gaba.

Ni dai wannan dala 313 ba na rantsuwa a kanta. Ƙiyasi ne da aka gina a kan gwajin da aka yi wa manyan maza, waɗanda suka zo da ƙafarsu, a wuraren da cutar ta yi katutu, yadda ta ke yaɗuwa a Amurka kuwa dabam ne. Likitoci 38, yawancinsu na Turai, sun mayar da martani a 2013, suka ce al'ada ce ta rufe wa takwarorinsu na Amurka ido. Hujjarsu ita ce sai an yi wa jarirai wajen 100 kaciya kafin a tsare ciwon mafitsara guda, wanda magani ke warkarwa, sauran amfanin kuwa ba ya zuwa sai yaro ya balaga, lokacin da zai iya zaɓa da kansa. Ƙungiyar likitocin Holan ma tun 2010 ta ce a riƙa ja wa iyaye kunne su bari. Mai irin wannan ra'ayi zai ce, don me za a ɗebi harajin wanda bai yarda da abu ba a biya shi, ga allurar rigakafi tana neman kuɗi?

Tambaya ce mai nauyi. Amma a ganina soke layi bai amsa ta ba. In jiha ta gamsu cewa kaciyar jariri zalunci ce, sai ta fito fili ta faɗa, ta yi muhawara da jama'arta, hukuncin ya hau kan ɗan attajiri da ɗan lebura baki ɗaya. In kuwa ta bar ta halal, likitocinta suna yi wa duk mai biya, to, abin da sokewar ta yi kaɗai shi ne ta karɓe zaɓi daga hannun talaka ta bar wa mai shi. Jariri bai sami 'yancin da a ke faɗa ba, sai dai ya gaji aljihun ubansa.

Akwai kuma waɗanda ko an biya ko ba a biya ba za su yi, watau Musulmi da Yahudawa da yawancin mutanen Afirka ta Yamma, Musulminsu da Kiristansu. Su maganar da ke gabansu ita ce hannun wa yaro zai faɗa. A Ingila kowace gunduma da tsarinta: yawanci NHS ba ta biyan kaciyar addini ko al'ada, 'yan wurare kaɗan sun yi wani tanadi, baƙo kuwa bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, sai ya tambayi 'yan'uwa su nuna masa mai yi a gida. A 2010, kusa da birnin Manchester, wani jariri ɗan wata guda, wanda iyayensa 'yan asalin Najeriya ne, ya mutu da zubar jini bayan wata ma'aikaciyar jinya ta yi masa kaciya a gida da almakashi da man zaitun, ba maganin kashe zafi, a kan fam 100. Kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci a 2012. An shaida wa kotun cewa iyayen ba su san akwai hanyar samun aikin ta asibitin Gwamnati ba.

Sikotilan, wadda ke tafiyar da tata hukumar lafiyar dabam da ta Ingila, ta yanke nata hukuncin a 2008. Ba ta ce kaciya magani ce ba. Ta ce tun da za a yi, gara a yi a hannunta: iyayen da suka nema don addini ko al'ada a yi wa ɗansu kyauta a asibiti, likitan fiɗa ya yi, a sa yaron barci. Sharaɗin shi ne sai yaro ya kai wata 6 zuwa 9, don maganin barcin ya fi haɗari ga ɗanyen jariri. Uban da ya ƙudura a yi tun makon suna, ko dai ya jira watannin nan, ko ya nemi wani wurin da kuɗinsa.