Gauraya allurar korona: abin da jiragen ruwa suka ƙi karɓa a hannun 'yan Kanada

Akwai wata magana da ta samu gindin zama tun tsakiyar shekarar 2021, kuma har yau ana jin ta a bakin mutane masu hankali. Cewa suke yi: tunda kamfanonin jiragen ruwa na yawon shaƙatawa sun ƙi ɗaukar 'yan Kanada da aka yi wa allurar korona iri biyu daban-daban, to lallai gaurayawar ba ta da inganci, wataƙila ma tana cutarwa, kuma gwamnatin Kanada ta yi gwaji ne da jikin mutanenta. Ruwa ba ya tsami banza, in ji su. Ina girmama masu wannan ra'ayi, don ba daga iska suka ɗauko shi ba. Sun ga an mayar da mutane, sun ga an soke tafiya. Sai dai dalilin da suka jingina wa abin ba shi ne dalilin ba.

Farko dai, 'yan Kanada ba su gauraya allura don son zuciya ba. A watan Maris na 2021 ƙasar tana cikin ƙarancin riga-kafi, har kwamitinta na ƙasa mai ba da shawara kan riga-kafi, wato NACI, ya yarda a tsawaita tazarar allura ta farko da ta biyu zuwa wata huɗu don a samu a yi wa mutane da yawa ta farkon. Shugabanni na ta kira cewa duk wadda ka fara samu ka karɓa. Da yawa suka karɓi AstraZeneca. Sai rahotanni suka fito daga Turai cewa wannan allura kan haddasa wani irin daskarewar jini da ba kasafai ake samunsa ba, amma mai iya kisa. A Kanada ma an rasa rayuka kaɗan, har da wata mata a lardin Quebec a watan Afrilu. Zuwa tsakiyar Mayu, Ontario da Alberta da wasu larduna sun daina yi wa kowa AstraZeneca a matsayin allurar farko. To, wanda ya riga ya karɓa fa? Ranar 1 ga Yuni NACI ya ce zai iya cikewa da Pfizer ko Moderna, ranar 17 ga watan kuma ya ce hakan ma ya fi. A wancan lokacin nau'in korona na Delta na yaɗuwa, kuma allura ɗaya ba ta tare shi yadda ya kamata. Wasu kuma da suka fara da Pfizer sun je cibiya a ƙarshen Yuni suka tarar Moderna ce kawai a ƙasa, saboda kayan Pfizer sun yi jinkirin isowa. Ma'aikaciyar jinya ta ce musu duk ɗaya ne, suka miƙa hannu.

Da haka mutane kusan miliyan 4 suka wayi gari da takardar shaida mai suna biyu. Firaministan Kanada na lokacin, Justin Trudeau, na cikinsu: AstraZeneca a watan Afrilu, Moderna a farkon Yuli. Shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ita ma haka aka yi mata. Da wuya a ce shugabanni sun yi gwaji da talakawa a kan abin da su ma suka sa a jikinsu.

Sai aka zo kan jirage. Kanada ta rufe tashoshinta ga manyan jiragen shaƙatawa tun Maris na 2020, saboda haka duk ɗan ƙasar da ke son irin wannan tafiya a 2021 sai ya tsallaka ya hau a wani wuri, galibi a Florida ko a Seattle. A watan Yuli labari ya fara fitowa. Carnival da Princess da Holland America suka ce za su karɓi wanda ya haɗa Pfizer da Moderna, amma wanda ya haɗa AstraZeneca da ɗayansu ba a lissafa shi cikin masu cikakken riga-kafi. Norwegian kuwa ya ce a tashoshin Amurka ba ya karɓar kowace irin gaurayawa.

Ku dubi mata da miji da suka yi ritaya, suka daɗe suna tara kuɗin zuwa ganin tsaunukan ƙanƙara na Alaska. Sun biya kuɗin ajiya, sun sayi tikitin jirgin sama zuwa Seattle. Matar Pfizer aka yi mata sau biyu. Mijin, da yake ya riga ta samun layi, takardarsa layi biyu ce: na sama AstraZeneca, da kwanan wata da lambar kwalba, na ƙasa Moderna. A garinsu wannan takarda tana shigar da shi ko'ina. A shafin kamfanin jirgi kuwa, shi da wanda bai taɓa ganin allura ba duk ɗaya ne. Wanda hakan ta same shi yana da haƙƙin ya yi fushi, kuma yana da haƙƙin ya tambaya ko an yaudare shi.

Amma a lura da abu biyu a cikin dokokin kamfanonin nan, don su kaɗai sun isa su warware zancen. Na farko, wanda aka yi wa AstraZeneca sau biyu ana ɗaukarsa, saboda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Alhali binciken Com-COV na Jami'ar Oxford, wanda aka fitar da sakamakonsa a ƙarshen Yuni na 2021, ya nuna cewa wanda ya fara da AstraZeneca ya cike da Pfizer yana samun sinadaran garkuwa a jini fiye da wanda ya yi AstraZeneca sau biyu. Binciken CombiVacS na Sifen, a kan mutane sama da 600, ya riga ya nuna a watan Mayu cewa wannan haɗin na tayar da garkuwa sosai. Wato ƙofar jirgi tana buɗewa ga mai ƙarancin garkuwa, tana rufewa ga wanda ya fi shi. Da lafiyar jini ake aunawa, da ba a yi haka ba. Na biyu, wasu kamfanonin, har da Norwegian, suna karɓar wannan gaurayawar idan daga wata tashar da ba ta Amurka ba jirgin zai tashi. Kamfani ɗaya, fasinja ɗaya, jini ɗaya, amma hukunci ya sauya saboda tasha ta sauya.

Ashe a tashar gizo ke saƙar. Bayan abin da ya faru da jirgin Diamond Princess a Yokohama a Fabrairun 2020, inda sama da mutum 700 cikin kusan 3,700 suka kamu, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ɗaure wannan sana'a da sharuɗɗa masu tsauri. A watan Afrilu na 2021 ta ba su mafita: jirgin da kashi 95 cikin 100 na fasinjojinsa, da kusan dukkan ma'aikatansa, ke da cikakken riga-kafi zai iya fara aiki ba sai ya yi tafiyar gwaji ba. Kamfanonin sun shafe fiye da shekara guda ba ciniki, bashi ya yi musu katutu. Ba za su yarda su rasa wannan dama ba saboda fasinjan da CDC ba ta lissafa shi. Ita kuma CDC ba ta ce gaurayawa guba ce ba. Abin da ta ce shi ne ba a kammala tantance ta ba. Dalilin a fili yake: Amurka ba ta taɓa ba AstraZeneca izinin amfani a ƙasarta ba, kuma tana da Pfizer da Moderna da Johnson & Johnson isassu. Babu Ba'amurken da ke cikin halin da ɗan Kanada ya samu kansa, don haka babu abin da ke matsa wa hukumarsu ta yi gaggawar yanke hukunci a kan matsalar da ba tata ba.

Ga wanda ke jin tsoron haɗa magani biyu a jiki, kuma tsoro ne mai tushe, ya kamata a bayyana yadda alluran ke aiki. Dukkansu darasi ɗaya suke koya wa jiki: ya gane ƙayar da ke jikin ƙwayar korona, ya shirya mata. Bambancinsu a ɗan aike ne. AstraZeneca tana aika saƙon ta cikin wata ƙwayar mura ta biri da aka hana ta hayayyafa, su Pfizer da Moderna kuwa suna naɗe shi cikin ɗigon kitse. Wasiƙa ɗaya ce, masu kawo ta ne suka bambanta. Kuma kafin ta biyu ta zo, makonni sun shuɗe, ta farko ta gama aikinta ta bar jiki da abin da ya koya. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Riga-kafin Ebola na Johnson & Johnson da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2020 allura biyu ne mabambanta, haka Sputnik V ta Rasha, da gangan aka yi ta farko da ta biyu da 'yan aike daban.

Masu wancan ra'ayi suna da hujjoji na gaske, kuma ba zan tsallake su ba. Ranar 12 ga Yuli, 2021, babbar masaniyar kimiyya ta Hukumar Lafiya ta Duniya a lokacin, Dakta Soumya Swaminathan, ta yi gargaɗi a kan gauraya allura, ta ce bayanai sun yi ƙaranci. Maganar ta zaga duniya cikin sa'o'i. Abin da bai zaga kamar haka ba shi ne bayanin da ta biyo da shi, cewa tana nufin kada ɗaiɗaikun mutane su riƙa yanke wa kansu hukunci, amma hukumomin lafiya na iya yi bisa bayanan da ke hannunsu. Gaskiya ne kuma binciken Oxford ya nuna masu gaurayawa sun fi fama da zazzaɓi da ciwon kai da kasala na kwana ɗaya ko biyu, kuma Pfizer sau biyu ce ta fi kowane haɗi yawan sinadaran garkuwa. Haɗa Pfizer da Moderna kuwa, lokacin da aka ba da izininsa, an fi dogara da kamannin da ke tsakaninsu fiye da wani babban gwaji da aka kammala. Duk wannan haka yake.

Inda nake ganin laifin hukumomin Kanada shi ne a wajen bayani. Sun ce wa mutane ku karɓa, lafiya lau, kuma ta fuskar lafiya sun yi daidai. Amma ba su faɗa da babbar murya cewa maƙwabciyarsu, ƙasar da 'yan Kanada suka fi zuwa, ba ta riga ta amince ba. Mutum baligi ya cancanci a gaya masa wannan kafin ya naɗe hannun riga, ya auna da kansa. Da an faɗa, na yi imani mafi yawa za su karɓa duk da haka, don Delta ba ta jiran kowa, kuma ita kanta gwamnatin tana shawartar 'yan ƙasar su guji hawa jiragen shaƙatawa gaba ɗaya a wancan lokacin. Amma da ba su ji an ɓoye musu wani abu ba, kuma wannan jin ne ya haifi zargin da muke magana a kai.

Ranar 15 ga Oktoba, 2021, CDC ta sanar cewa za ta karɓi matafiyan da suka haɗa duk wasu allurai biyu da Amurka ko Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su. Kwanaki kaɗan bayan haka Amurka ta ba 'yan ƙasarta damar zaɓar allurar ƙari daban da wadda suka fara da ita. Ranar 8 ga Nuwamba Amurka ta buɗe iyakarta, a Disamba kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta ta amincewa da gaurayawa. Mutumin da aka ƙi a Yuli an karɓe shi a Nuwamba ba tare da an ƙara masa ko ɗigo ba.

Mu ma a Afirka mun ɗanɗana irin wannan. Allurar da shirin COVAX ya kai Gana a Fabrairun 2021, da kusan miliyan 4 da suka sauka Abuja ranar 2 ga Maris, Covishield ce, wato AstraZeneca da kamfanin Serum Institute ke yi a Indiya. Da Tarayyar Turai ta fara aiki da takardar shaidar riga-kafinta a watan Yuli, Covishield ba ta cikin jerin da hukumar magungunansu ta amince da su, domin ba a nemi lasisin sayar da ita a can ba. Tarayyar Afirka ta koka, ƙasashen Turai da dama suka karɓe ta ɗaya bayan ɗaya. A tsakanin nan mutane da yawa a wajenmu sun ce ai ga shi, ta banza aka kawo mana, kuma wasu sun fasa zuwa karɓa saboda haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin da aka nemo wa matsalar kafin Oktoba. A ƙarshen Yuli lardin Quebec ya fara ba matafiya damar karɓar allura ta uku don takardarsu ta dace da abin da ake nema a waje, Saskatchewan da Alberta suka biyo baya. Ban ga laifin wanda ya je ya karɓa ba, don kuɗinsa ne ke neman salwanta. Amma mutanen nan jikinsu bai buƙaci allurar ba a lokacin, takardarsu ce ta buƙata. A daidai waɗannan makonni, waɗanda suka samu cikakken riga-kafi a nahiyar Afirka ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, kuma ranar 4 ga Agusta shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Adhanom Ghebreyesus, yana roƙon ƙasashe masu arziki su dakatar da allurar ƙari har ƙarshen Satumba, don ma'aikatan asibiti da tsofaffi a ƙasashe matalauta su samu ta farko.