Koyon Sana'ar Hoto da Sauti a Kwalejin Al'umma ta Amurka

In aka ce yaro zai yi karatu a Amurka, hankalinmu yakan tafi ga manyan jami'o'i masu suna. Amma akwai wata irin makaranta da ba mu cika jin labarinta ba, ko da yake miliyoyin Amurkawa ta nan suke bi. Ana kiranta kwalejin al'umma. Karatunta shekara biyu ne, yawancin ɗalibanta kuma daga gida suke zuwa, waɗansu da dare bayan sun tashi daga aiki.

Mafi daɗewa cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Ilinoi, wadda aka buɗe a 1901 da ɗalibai shida kacal. Yau akwai wajen dubu a ƙasar. Sauƙin kuɗi ne yake jawo mutane: a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, ɗan gari ya biya kimanin dala 4,000 a shekara, alhali kuwa a jami'ar gwamnatin jiharsa sai ya biya fiye da 11,000.

Cikin sana'o'in da ake koyarwa akwai fasahar haɗa hoto da sauti da rubutu a kwamfuta. Ɗalibi yakan fara da zane da sanin launi da ɗaukar hoto. Sa'an nan ya koyi naɗar murya, da tace bidiyo, da sa zane ya motsa, da tsara shafin intanet. Zai saba da manhajoji irin su Photoshop da Premiere Pro da Blender. Wanda ya ƙware yakan sami aiki a gidan talabijin, ko kamfanin talla, ko makaranta, ko ikilisiya mai watsa sujadarta, ko kuwa ya buɗe shagonsa.

Sai dai akwai rami a hanyar, kuma da yawa sun faɗa. Takardar shaidar shekara biyun iri-iri ce. Wadda ake kira AA an shirya ta domin mai niyyar wucewa jami'a ya ƙara shekara biyu ya sami digiri. Wadda ake kira AAS kuwa ta mai neman aiki nan da nan ce, kuma sau da yawa kwas ɗin hoto da sauti a ƙarƙashinta yake. Jami'a takan ƙi lissafa waɗansu darussan AAS, sai ɗalibi ya sake karanta abin da ya riga ya biya wa kuɗi. Matambayi ba ya ɓata. Tun kafin a biya ko kwabo, a tambayi kwalejin wace jami'a ce take da yarjejeniya da ita, da darussan da za a karɓa. Hanyar wucewar dai tana nan: George Lucas, wanda ya fitar da fim ɗin Star Wars a 1977, a ƙaramar kwalejin garinsu Modesto ya fara, daga nan ya wuce Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya koyi aikin fim.

Rami na biyu shi ne dogara ga manhaja ɗaya. Shekaru da dama Flash ita ce sarauniyar zane mai motsi a intanet, ɗalibai kuwa suka ba ta ƙarfinsu. A 2010 Steve Jobs na kamfanin Apple ya bayyana dalilansa na hana ta shiga wayar iPhone, a ƙarshen 2020 kuma kamfanin Adobe ya daina kula da ita. Wanda maɓallanta kaɗai ya sani, jarinsa ya karye. Wanda ya koyi yadda haske yake sauka a fuska, da inda za a yanke bidiyo labari ya tafi daidai, shi sai ya canza kayan aiki ya ci gaba. Tela ba ya mance ɗinki don an sake masa keke.

Iyayen da suke tunanin tura ɗa ko 'ya daga nan su sani baƙo ba ya samun farashin ɗan gari, yakan biya ninki biyu ko fiye. Dole kuma ya nuna shaidar kuɗin makaranta da na zama kafin a ba shi bizar ɗalibi, aikin da aka yardar masa da farko kuma na cikin makaranta ne, awa 20 a mako.

A wannan sana'a, mai ɗaukar ma'aikaci yakan ce a nuna masa aikin hannu kafin ya dubi takarda, gama gani ya kori ji. Saboda haka in ɗanmu ya yi waya ya ce ya ci jarrabawa, mu yi murna, sa'an nan mu ce ya aiko mu ga abin da ya haɗa.