Guguwa da wayar Hausawan Jarwal

Ran 11 ga watan Satumban 2015, iska mai ƙarfi ta kayar da ƙugiyar gini a Masallacin Harami, mutane fiye da 100 suka rasu. A irin wannan rana, Hausawan unguwar Jarwal ta Makka da waya suke shaida wa dangi a Kano ko Maraɗi cewa suna lafiya.

To amma a lokacin ne waya kan ci amana: guguwa ta katse lantarki, batiran turakun sadarwa su ƙare, kira ya cushe layi. A 2017 guguwar Maria ta durƙusar da kashi 95 cikin ɗari na turakun tsibirin Puerto Rico, iyalai suka yi kwanaki babu labarin juna.